Safa da Marwa ga mace: abin da ke ɓata shi da abin da ba ya ɓata shi

Duk shekara da zaran an fara bitar maniyyata a ƙananan hukumomi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega, Bagudo har Yauri, tambayoyin mata kan Safa da Marwa kusan iri ɗaya ne, kuma yawanci ba a gaban taro ake yin su ba, sai an tashi tukun wata ta ja malama gefe, ko cikin dare ta turo saƙon murya ta WhatsApp tana magana ƙasa-ƙasa. Shin mace na gudu wurin koriyar fitila kamar maza? In jini ya zo bayan an gama ɗawafi Umra ta lalace ke nan? In alwala ta karye ana tsakiyar tafiya sai an koma farko? Tsohuwa mai ciwon gwiwa in aka tura ta a keke ya yi ko bai yi ba?

Ni abin da na lura da shi, abubuwan da mata suka fi jin tsoro mafi yawansu ba su ɓata sa'ayi, wato tafiyar Safa da Marwa, ko kaɗan, su kuwa waɗanda ke ɓata shi da gaske, wato tsari da lissafi, ba a cika tambaya a kansu ba. Kuma wanga aiki ba na ganganci ba ne, kujerar Hajji a 2025 ta haura naira miliyan 8, wata sai da aka sayar da gona ko shanu kafin ta samu zuwa.

Mene ne sa'ayi, kuma mene ne matsayinsa?

Sa'ayi shi ne kai da komo sau bakwai tsakanin dutsen Safa da dutsen Marwa, ana farawa daga Safa a ƙare a Marwa, kuma bayan ɗawafi ake yin sa. Tsakanin duwatsun biyu kusan mita 400 ne, ke nan gaba ɗaya tafiyar ta kusa kilomita 3, ga kuma ta ɗawafin da kika riga kika yi.

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta sa'ayi rukuni ne, haka wajen Shafi'awa, haka mafi shahara wajen Hambalawa. Rukuni kuwa rago ba ya gyara shi, in babu shi babu Hajji babu Umra, sai an yi shi. Hanafawa ne suka ce wajibi ne, wanda ya bari yanka zai yi. Akwai masu karanta aya ta 158 a Suratul Baƙara su ga an ce "babu laifi" a kewaya su, sai su ɗauka ganin dama ne, to wagga fahimta Urwatu ɗan Zubair ma ya taɓa kawo ta gaban ƙanwar mahaifiyarsa Nana Aisha (RA), ta ce masa bai faɗi daidai ba, ayar ta sauka ne saboda mutanen Madina da a jahiliyya suke ɗaura harami don gunkin Manata, suna ganin laifi ne su bi tsakanin Safa da Marwa. Kuma hadisin da malamai ke kafa hujja da shi, "ku yi sa'ayi, Allah ya wajabta muku sa'ayi", mace ce ta ruwaito shi, Habiba 'yar Abu Tajra, wadda ta tsaya cikin wani gida da wasu matan Ƙuraishawa suna kallon Annabi (SAW) yana yi.

Mace ce ta fara gudun, me ya sa aka ce mata kada su yi?

Asalin abin sananne ne, yana cikin Bukhari daga Ibn Abbas. Annabi Ibrahim (AS) ya ajiye Nana Hajara da jaririnta Isma'il a kwarin Makka da jakar dabino da salkar ruwa, ta tambaye shi ko Allah ne ya umarce shi da haka, ya ce e, ta ce to ba zai tozarta mu ba. Da ruwa ya ƙare ta hau Safa ko za ta hango wani, ba kowa, ta gangaro, in ta kai cikin kwari sai ta tattare gefen rigarta ta sheƙa har ta haye, ta hau Marwa, haka har sau bakwai kafin Zamzam ya ɓuɓɓugo.

Wancan kwarin shi ne inda yanzu aka sa koriyar fitila a silin, za ki gan ta doguwa tun daga nesa, ta fi kusa da ɓangaren Safa. Maza na yin sassarfa a ƙarƙashinta, sunna ce a gare su. Mace kuwa tafiyarta ta kullum za ta yi daga farko har ƙarshe. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa babu sassarfa ga mata a ɗawafi ko tsakanin Safa da Marwa, Ibnul Munzir ma ya ce malamai sun haɗu a kan haka. Dalilin da suke bayarwa shi ne sutura da kauce wa gogayya da maza, ita Nana Hajara lokacin da ta yi gudunta babu ɗan Adam ko ɗaya a wurin. Akwai wani ra'ayi wajen wasu Shafi'awa cewa in dare ne kuma wurin ba kowa tana iya yi, amma dai duk wadda ta je ta san babu sa'ar da wurin nan ke zama ba kowa.

Abin da ake gani a zahiri shi ne Alhaji ya riƙe hannun Hajiya gam don kada ta ɓace, suna isowa koriyar fitila sai ya zabura, ita kuma ya fizge ta, ga jakar hannu ga gorar ruwa ga hijabi na harɗe ƙafa, tana haki tana bin shi dole. Ba sai an yi haka ba. Ko dai ya yi sassarfarsa ya jira ta a ƙarshen fitilar, 'yar tazara ce, ko kuma in yana tsoron rabuwa ya taka a hankali tare da ita, namijin da ya bar sassarfa sa'ayinsa ya yi kuma ba yanka a kansa. Ita ma wadda ta riga ta yi gudun don ta ga ana yi, sa'ayinta bai ɓaci ba, ta saɓa abin da ya fi ne kawai.

Jinin al'ada: kafin ɗawafi ya zo ko bayansa?

Nan ne ruɗani ya fi yawa, kuma kunya ce ke ƙara shi. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: kin gama ɗawafi da tsarki ko ba ki gama ba?

Tsarki sharaɗi ne a ɗawafi wajen mafi yawan malamai, amma a sa'ayi ba sharaɗi ba ne a wajen mazhabobin nan huɗu, an dai so mutum ya kasance da shi. Shi ya sa in alwala ta karye a zagaye na uku ko na biyar ci gaba za ki yi, ba sai kin fita neman famfo ba. Haka jini. Imam Malik ya faɗa ƙarara a littafinsa Muwaɗɗa cewa matar da ta yi ɗawafi ta yi sallar ɗawafi kafin haila ta zo mata, za ta yi Safa da Marwa, ta tsaya Arfa da Muzdalifa, ta yi jifa, ɗawafin ifada, wato ɗawafin Hajji na bayan Arfa, shi ne kawai ba za ta yi ba sai ta yi tsarki. To wadda ta sallame raka'a biyu bayan Maƙamu Ibrahim sannan ta ji alama, ta je ta gyara jikinta da audugar mata yadda ba abin da zai zuba, ta dawo ta yi sa'ayinta, ta rage gashi, Umra ta cika.

Amma in kafin ɗawafi ya zo, ko ana cikin ɗawafin, to sa'ayi ma sai ya jira. Ba don jinin ya hana sa'ayi ba, a'a, don sa'ayi ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai ya biyo bayan ɗawafi ingantacce. Wannan ita ce gaɓar da ake kuskurewa, sai ki ji wata ta ce "ai malam ya ce mai haila na Safa da Marwa", ta bi ayari ta yi sa'ayi da niyyar in ta yi wanka ta kawo ɗawafi daga baya. An juya tsarin, sai ta sake. Nana Aisha abin da ya same ta ke nan a Sarif kafin su shiga Makka, Annabi (SAW) ya iske ta tana kuka, ya ce mata abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adam mata, ta yi duk abin da mahajjaci ke yi ban da ɗawafi. A ruwayar Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu akwai ƙarin "da Safa da Marwa", kuma ba saɓani tsakaninsa da maganar Malik ta sama, don ita a lokacin ba ta yi ɗawafin ba tukuna.

Mai wanga hali za ta zauna cikin haraminta a masauki, ba turare, ba yanke farce, ba kusantar miji, har ta yi tsarki. In kuwa mai Tamattu'i ce, wato wadda za ta fara yin Umra ta fita harami sannan ta ɗaura na Hajji, jirginsu ya zo a makare har ranar fita Mina ta yi ba ta samu tsarki ba, sai ta shigar da niyyar Hajji a kan Umrarta ta koma mai Ƙirani, wato mai Hajji da Umra a harami ɗaya, ɗawafi ɗaya da sa'ayi ɗaya bayan Arfa sun isar mata duka biyun, hadayarta na nan yadda take. Ba ta yi asarar komai ba.

Jinin ciwo, wanda ya zarce kwanakin al'ada, shi ba ya hana ɗawafi balle sa'ayi. A lissafin Malikiyya mai kwanaki sanannu tana ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta matuƙar ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya na ciwo ne. Wadda nata ke wasa, yau ya zo gobe ya ɗauke, ta zauna da malamin da ke cikin tawaga ko malama ta faɗi kwanakinta dalla-dalla, kada ta ɗauki fatawar da aka ba maƙwabciyar gadonta.

Sai maganin tsayar da jini, irin su Primolut N da mata ke ba juna a ɗaki kamar goro. Malamai da yawa sun halatta in ba zai cutar ba, kuma in jini ya tsaya mace mai tsarki ce. Sai dai likita ya kamata ya rubuta shi tun a gida, don kafin jinin ya zo ake fara sha, kuma ba kowace mace ya dace da ita ba, musamman wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya ko mai ciwon hanta. Wadda ta sha barkatai, ta sha yau ta manta gobe, ita ce ke ƙarewa da ɗige-ɗigen da ba ta san na al'ada ne ko na ciwo ba, ta shiga ruɗanin da ya fi wanda ta gudu.

To ai wurin cikin masallaci yake?

Wannan tambaya ce mai kyau, don duk wadda ta je ta ga rufi ɗaya ne, sanyin na'ura ɗaya, tayil ɗaya. Da can ba haka yake ba, hanya ce a wajen masallaci da shaguna hagu da dama, mai sa'ayi na ratsa 'yan kasuwa. Faɗaɗawar da aka fara a 1955 zamanin Sarki Sa'ud ce ta gine shi ta haɗe shi da ginin Harami, sannan a zamanin Sarki Abdullah, wajen 2008, aka ninka faɗinsa daga mita 20 zuwa 40 aka ƙara benaye. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta zauna kan wagga mas'ala a 1995, mafi rinjayen malamanta suka ce shigar da shi cikin gini bai ba shi hukuncin masallaci ba, wurin ibada ne mai zaman kansa, mai haila na iya shiga ta yi sa'ayi. Akwai malaman da ke ganin tun da sahun sallah na haɗuwa ya zama masallaci, amma su ma da yawansu suna sassautawa saboda larura. Abin da ya fi, ta tambayi askarawa ƙofar da ke shiga wurin sa'ayi kai tsaye daga fili, in ta gama ta fita ta Marwa, kada ta zauna hutu cikin masallacin.

Lissafi, inda ake asara ba a sani ba

Daga Safa zuwa Marwa ɗaya ne. Dawowa daga Marwa zuwa Safa biyu. Har yanzu akwai masu lissafa zuwa da dawowa a matsayin ɗaya, su yi sahu 14, kusan kilomita 6, su dawo masauki ƙafa ta kumbura. Wannan wahala ce kawai, sa'ayi ya yi. Mai hatsari shi ne ragi, a yi shida a tafi, ko a fara daga Marwa don ta nan aka shigo, wanda shi wancan sahun farko ba ya shiga lissafi.

Dabara mai sauƙi: 1, 3, 5, 7 duk a Marwa suke ƙarewa, 2, 4, 6 a Safa. In kin ga kin "gama" kina Safa to akwai kuskure. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ita ma haka ta kawo shi, tsayuwa huɗu a Safa huɗu a Marwa. In shakka ta shigo, biyar ne ko bakwai, ki ɗauki biyar ki cika. Iyayenmu da ba su yi boko ba sun fi mu iya wanga abu, za ki ga tsohuwa da ɗan carbi mai ƙwaya bakwai ko zare tana ƙulli duk ta kai dutse, ita kuwa mai waya tana ɗaukar bidiyo tana gaida mutanen gida sai ta juyo tana tambaya, "Hajiya, wanga na nawa ne?"

Kuma ki tabbata kin kai ƙarshe kowane sahu. Hawa can saman dutse ba dole ba ne, malaman Malikiyya sun ce mace ta hau ne in wurin babu cunkoson maza, yanzu ma abin da ya rage na dutsen Safa an kewaye shi da gilas. Amma ki kai inda ƙasa ta fara tudu, kada ki yanke ki juya tun a shimfiɗe don kin ga mutane sun cika gaba.

Gajiya, keke da jerantawa

Malikiyya na son a jeranta, sa'ayi ya bi ɗawafi ba dogon jinkiri, sahu ya bi sahu. Wannan bai hana ki tsaya ki sha Zamzam a famfunan da ke gefe ba, ko ki jingina ki numfasa, ko ki je banɗaki in ya matsa. In an tada sallah mafi yawan malamai sun ce ki bi jam'i ki ci gaba daga inda kika tsaya. Abin da ba a so shi ne a yi uku a tafi otal a yi barci a dawo gobe a ɗora huɗu.

Akwai labarin da nake son mata masu jiki su ji, yana Muwaɗɗa. Sauda 'yar Abdullahi ɗan Umar, matar Urwatu, mace ce mai nauyin jiki, ta fara sa'ayi da ƙafa bayan an watse daga sallar isha'i, ba ta gama ba sai da aka yi kiran farko na asuba. Dare guda cur tana takawa a hankali, ba wanda ya ce ya ɓaci. Shi kuma mijinta in ya ga masu lafiya na yi a kan dabbobi faɗa yake musu sosai.

Daga nan za a gane matsayin keke. Marar lafiya, tsohuwa, mai ciwon gwiwa ko zuciya, ta hau abinta ba komai a kanta, Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya ga Annabi (SAW) ya ce ta yi ɗawafi a bayan mutane tana kan abin hawa. Akwai layin keke na musamman, akwai masu turawa na hukuma, akwai kuma masu lantarki a bene, kuma sa'ayi a bene ya inganta. Amma mai lafiya garau da ta hau don ƙyuya ko don akwai riyal a jaka, Malikiyya da Hanafiyya sun ce tafiya da ƙafa wajibi ce a kanta, ta sake muddin tana Makka, in har ta koma gida sai yanka. Shafi'awa sun ce ya yi, ta bar abin da ya fi ne. Wadda ake turawa kuma ta riƙe lissafinta da kanta kada ta yi barci, ba kowane mai tura keke ne ke tsoron Allah ba, wani sauri yake ya ɗauko wani fasinja.

Tayil ɗin wurin sanyi gare shi kuma da tauri, yana cin tafin ƙafa. Mace na da damar sa safar ƙafa cikin harami, har takalmi mai tsabta. Safar hannu da niƙabi ne aka hana mai harami, in tana son rufe fuska gaban maza sai ta sako mayafi daga ka.

Me ake karantawa?

A taƙaice, babu addu'ar sahu na ɗaya da ta sahu na biyu, waɗancan ƙananan littattafai da ake rataya wa a wuya tsarin mutane ne. Abin da ya tabbata a hadisin Jabir shi ne karanta farkon ayar Safa da Marwa lokacin da aka doshi Safa da farko, sai a fuskanci Ka'aba a yi kabbara da hailala sau uku ana addu'a a tsakani, haka a Marwa. Sauran tafiyar ki roƙi abin da ke ranki da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Dakarci. Mace ba ta ɗaga murya, kuma ba dole sai kin bi wani mai jan baƙi ana amsawa ba. Babu sallar nafila bayan sa'ayi, shi kansa sa'ayin ma ba a yin na nafila yadda ake ɗawafin nafila.

A Marwa: almakashi

Mai Umra ba ta fita harami sai ta rage gashi. Aski na maza ne, hadisin Abu Dawud ya ce mata saisaye ne nasu, malamai suka ce gwargwadon gaɓar yatsa. Malikiyya sun ce daga dukkan gashin za a ɗiba, ba silli biyu daga goshi ba, don haka mai kitso ta bi jelar kowane ɗaya, ko ta tattara su wuri guda ta datse bakin. Shi ya sa kitso manya kaɗan ya fi ƙanana sauƙi a wagga tafiya.

Abin da ba shi da kyan gani shi ne yadda wasu ke yaye hijabi nan bakin ƙofar Marwa, maza na wucewa, a karɓi almakashin wani yaro a yanke. Ba gaggawa, ki bari sai kin koma masauki, ke da kanki ko 'yar ɗakinku ko muharraminki, kina dai cikin harami har lokacin. Wadda ta manta ta yi wanka da sabulu mai ƙamshi ta shafa turare sannan ta tuna, ta rage gashin nan take ta tambayi malami ko akwai fidiya.

Sau nawa, kuma in an bar shi fa?

Mai Tamattu'i, wanda shi mafi yawan alhazanmu ke yi yanzu, sa'ayi biyu ne a kanta, na Umra da isowa, na Hajji bayan ɗawafin ifada. Na biyun nan ne ake mantawa, an dawo daga Mina a gajiye, an yi ifada cikin turmutsutsu, sai wata ta ce ai ta yi Safa da Marwa tun zuwansu. Wancan na Umra ne. Mai Ifradi, wato mai Hajji kaɗai, ko mai Ƙirani ɗaya ne, in ta yi shi bayan ɗawafin isowa ba ta sakewa. Ɗawafin bankwana ba shi da sa'ayi, mai haila ma an ɗauke mata shi gaba ɗaya kamar yadda ya faru da Nana Safiyya.

Wadda ta bar sa'ayin Hajji ta hau jirgi ta sauka Birnin Kebbi, an tarbe ta da guɗa ana Hajiya Hajiya, a Malikiyya Hajjinta bai cika ba, mijinta bai halatta gare ta ba, kuma komawa Makka ne gyaran. Malami na iya duba halinta ya ba ta fatawa da maganar Hanafawa ta yanka in komawar ta gagara, amma wannan sai an zauna da shi an faɗi gaskiyar abin da ya faru, kuma yankan a Makka ake yin sa ba a gida ba. Shi ya sa wadda lissafinta ya nuna al'ada za ta zo mata kwanakin Sallah ya kamata ta gaya wa jami'ar mata ko malamin tawaga tun ana Mina, don a san yadda za a yi da ifadarta da sa'ayinta kafin a liƙa sunayen jirgin komawa.